Babur ɗin da Ya Jira Ƙanƙara

Ranar da Dinatu ta fara ganin abin nan, sai da ledar cefane ta suɓuce mata. Tumatir ya yi ta gangarawa a ɗan filin bayan gidansu na Woolwich, ita kuwa tana tsaye baki buɗe.

"Baban Chundung, wannan kuma mene ne?"

Mijinta Dung yana tsugune a gaban wani abu, shi ba babur ba, shi ba kwale-kwale ba. Kujerar ta babur ce, kan ma na babur ne, amma inda ya kamata a ga tayar gaba sai wasu ƙarafa biyu dogaye a shimfiɗe, a baya kuma wani bel mai faɗi mai haƙora irin na katafila. Tsatsa ta ci rabonta, gizo-gizo ya yi gida har da jikoki.

"Babur ne," in ji Dung, ko ɗagowa bai yi ba. "A kan dusar ƙanƙara yake gudu."

"Wace ƙanƙarar? Shekararmu guda a garin nan, ban da yayyafi me ka gani?"

To, bari a koma baya kaɗan. Dung bakanike ne, kuma ba na wasa ba. A Bukuru, in mota ta gagari kowa, wurinsa ake turo ta. Amma da suka zo Landan a tamanin da takwas, duk garejin da ya shiga sai a ce masa ina takarda. Shi kuwa takardarsa a yatsunsa take. Ƙarshenta a wani asibiti ya samu aikin tura marasa lafiya a keke. Hannunsa ya yi fes, farcensa ya yi fari. Abin da ya fi ci wa Dinatu rai shi ne ya daina fito. Mutumin da ko wanka yake sai an ji fitonsa daga bakin titi, ga shi ya koma shiru kamar baƙo a gidansa.

Akwai wani Alhaji Sumani, mutumin zangon Kumasi, mai gareji a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa a Lewisham. Sau uku Dung yana zuwa neman aiki wurinsa. A na ukun ya tarar da Bernard, maƙwabcin su Dung, wani tsohon Bature da ya yi aikin katako a Kanada, yana roƙon Alhaji ya zo ya duba masa tsohon babur ɗin ƙanƙarar da ya dawo da shi, wanda ya shekara goma sha biyar bai yi tari ba. Alhaji ya yi dariya, ya nuna Dung da sufana.

"Ga ɗan Najeriya nan. Kowannensu cewa yake shi injiniya ne. Kai, in ka ta da mushen nan, ranar da ƙanƙara ta sauka ka hau shi ka zo nan, aiki naka ne. Kowa ya shaida."

Alhaji ba'a yake yi. Dung kuwa ya riƙe maganar da hannu biyu.

Injin abin ya mutu murus, ba gyara. Kamfanin da ya ƙera shi ma ya rufe tun tuni. Bernard ne ya gano a jarida cewa wani a Sikotilan yana da irinsa da ya daki bishiya, ba samfuri ɗaya ba ne, na baya-bayan nan ne, amma injinsa lafiya lau. Aka kawo shi cikin akwatin katako. Da Dinatu ta ga mushe ya zama biyu, ta ɗora hannu a ka.

"Yesu! Haihuwa suke yi?"

Sabon injin bai zauna a jikin tsohon ba. Ya fi shi faɗi da yatsa uku, ramukan noti ba su haɗu ko ɗaya ba. Bernard ya ce a haƙura. Dung ya ce a Bukuru ba a haƙura. Ya yanki kwalin sabulun wankin Dinatu ya fitar da siffar mazaunin inji, ya samo ƙarfen tsohon gadon asibiti da aka zubar, ya yanka, ya goge, ya kai aka yi masa walda. Bai zauna ba. Ya sake. Sau huɗu. Duk ranar hutunsa a ɗan rumbun katakon bayan gida take ƙarewa, tsoho Bernard yana zaune kan kujera da bargo a gwiwa, yana miƙa masa sufana yana ba da labarin Kanada.

Sai wata matsalar. Tsohon injin iska ce take sanyaya shi, sabon kuwa ruwa yake sha, kuma tsohon jikin ba shi da wurin ruwa. Wannan bai ɗaga wa Dung hankali ba. Ya samo lagireto, wato tankin ruwan sanyaya inji, na wata ƙaramar mota a wurin masu kayan gwangwan, ya ɗaura a gaba, ya ja masa robobi.

Bernard bai ga wannan aikin ba. Ya faɗi a matakala, 'yarsa ta zo ta ɗauke shi zuwa can bakin teku. Kafin ya shiga mota ya kama hannun Dung ya ce ya bar masa abin, sai dai in ya tashi a aiko masa da hoto.

Wata Asabar cikin watan Agusta, Dung ya leƙo kicin.

"Maman Chundung, taimaka mini da ruwa bokiti guda."

Ita ta tara a famfo, ita ta kai, ita ma ta riƙe masa mazurari yana zubawa, kamar yadda ta sha yi a garejin Bukuru. Ya ja igiya sau ɗaya, sau biyu. A na uku abin ya yi wata irin ƙara, hayaƙi shuɗi ya turnuƙe, tattabarun unguwa suka watse, matar gidan sama ta buɗe taga tana ihu da Turanci. Dinatu ta toshe kunne. Da aka kashe inji, sai ta ji wani abu a bayanta. Fito. Dung ne yake goge hannu da tsumma yana fito.

Daga nan sai jira. Mutanen coci suka samu abin tsokana. Duk Lahadi sai wani ya ce, "Dung, yaya doki? Ya ci ciyawa?" Disamba ta wuce, Janairu ta wuce. Dung ba ya barin labaran yanayi su wuce shi a talabijin.

A makon farko na Fabrairun casa'in da ɗaya, wani sanyi ya sauko wanda Dinatu ba ta taɓa sanin akwai irinsa a duniya ba. Ita da take taƙama 'yar Jos ce! Ranar Alhamis dusar ƙanƙara ta fara zuba, ba ta tsaya ba. Dung ya dawo daga aiki a ƙafa, ya wuce kai tsaye wurin tarho.

"Alhaji, gobe da safe. Ka dafa shayi."

Juma'a da sassafe gari ya yi tsit, ba bas, ba jirgi. Dung yana ɗaki yana saka wando kan wando. Dinatu ta buɗe ƙofar gaba don ta ɗauko madarar da mai kawo madara ya ajiye jiya, ta manta da ita a bakin ƙofa. Ta sunkuya, sai ta tsaya.

Madarar ta daskare. Ta kumbura ta fito ta bakin kwalba kamar kyandir, murfin yana zaune a samanta kamar hula. Kwalba ta biyu kuwa ta tsage daga wuya har gindi. Ta ɗauka tana juyawa, har ta fara murmushi, za ta kira 'yarsu Chundung ta zo ta ga abin mamaki. Sai murmushin ya tsaya. Ta tuna bokiti. Ta tuna mazurari.

"Baban Chundung." Ta leƙa ɗaki da kwalbar a hannu. "Ruwan nan da muka zuba. Yana ciki?"

"Yana ciki mana. Ko ɗigo bai zuba ba, aikina ne fa."

Ta ɗaga masa kwalbar. Ya dube ta, ya dubi tsagar. Ta ga lokacin da abin ya isa zuciyarsa, don fuskarsa ta saki gaba ɗaya. Ya fita da gudu, takalmi ƙafa ɗaya.

Ta same shi a rumbun, ya ɗage murfin inji. Lagireto ya kumbura kamar cikin akuyar da ta ci rogo. A jikin injin kuwa, injin Sikotilan da aka yi wa mazauni sau huɗu, ga tsaga nan doguwa kamar tafin hannu, ƙanƙara fara ta leƙo ta ciki. Dung ya sa yatsa ya bi tsagar tun daga sama har ƙasa. Ya sake bi.

"Ƙarfe ne fa," ya ce. "Dinatu, ƙarfe ne. Ruwa ya fasa ƙarfe?"

Shekara ashirin yana zuba ruwan famfo a mota, na rijiya ma ya zuba, na kududdufi ma ya zuba a hanyar Akwanga. Abin da ya sani shi ne inji yana mutuwa in ya rasa ruwa. Ya zauna daɓas a cikin ƙanƙara. Abin da suka shekara biyu suna roƙo ga shi ya zo har gwiwa, shi ne kuma ya karya su.

Wajen ƙarfe goma suka ji ƙarar babbar mota. Alhaji Sumani ne da janwensa mai jan matattun motoci, an naɗe tayoyin da sarƙa. Ya gaji da jira. Ya shigo cikin kwat har idon sawu, yana gaishe da Dinatu da Hausarsa ta zango da ba ta raba mace da namiji.

"Madam, ka kwana lafiya? Ina direban? Shayi ya huce."

Ya leƙa injin. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Me ka zuba a ciki?"

"Ruwa."

"Ruwa da me?"

"Ruwa... da ruwa, Alhaji."

"La ilaha illallahu! Babur ɗin ƙanƙara? Ba ka sa maganin daskarewa ba? Shuɗin nan da ake sayarwa a kowane gidan mai?" Ya juya ga Dinatu. "Madam, shekara biyu yana jiran sanyi, bai tambayi kowa me sanyi yake yi ba!"

Dinatu ta ji kamar ta nutse. Ta buɗe baki za ta ce ita ta ɗebo ruwan, sai ta ga idon Alhaji ya tsaya a gindin injin. Ya durƙusa, dattijo da shi, ya kwanta rigingine a cikin ƙanƙara ya tura kai ƙarƙashin abin. Ya daɗe. Suna jin yana ƙwanƙwasa ƙarfe da zobensa.

"Wannan injin ba na jikin nan ba ne. Wa ya yi mazaunin?"

"Ni."

"Da me?"

"Ƙafar gadon asibiti."

Alhaji ya fito, ya karkaɗe kwat. "Magana magana ce. Na ce ka hau ka zo, ba ka zo ba. Ka faɗi." Ya kama hanyar fita.

Dinatu ta bi bayansa da kallo. Dung bai ko ɗaga kai ba. Suka ji an buɗe ƙofar janwe, aka ta da inji. Amma motar ba ta tafi ba. Sai aka danna oda, har sau uku.

"Kai, mai ruwan famfo!" Alhaji ne yake ihu ta taga. "Mota tara ce a ƙofar gareji, duk lagireto ya fashe, rabinsu na 'yan ƙasarku ne. Ba aiki na ba ka ba, aron hannunka nake yi. Sa ɗayan takalmin!"

Aron nan, sai da ya kai shekara goma sha ɗaya. Har Alhaji ya bar garejin bai taɓa yarda cewa ya ɗauki Dung aiki ba, kuma bai taɓa kiransa da wani suna ba sai Mai Ruwan Famfo.

Babur ɗin kuwa bai taɓa taka ƙanƙara da ƙafarsa ba. A ranar Dinatu ta sa Dung, bayan ya dawo baƙi ƙirin da mai, suka ja shi waje da igiyar shanya. Ta ɗora Chundung a kai, ta ɗauki hoto, aka aika wa Bernard. Ba ta rubuta masa cewa ya tashi ba. Ba ta kuma rubuta cewa bai tashi ba. Da bazara ta jera tukwanen alayyafo a kan kujerarsa, ya kuwa yi kyau, don wurin yana samun rana.