Ɗinkin da Aka Yi wa Tela

"Na yarda ka buɗe shi," in ji wan Tela, "amma da sharaɗi. Ka ɗinke shi yadda shi ma zai yaba. Ƙanen nan nawa bai taɓa barin karkataccen ɗinki ya fita daga shagonsa ba."

Likitan da ke binciken gawa ya miƙa masa hannu. "Baba, mun shirya."

Da farko dattijon ya rantse babu wuƙar da za ta taɓa ɗan'uwansa. Matar mamacin ce ta karya masa rantsuwa. Tela ya ƙone a bayan shagonsa, ya cika a asibiti, maƙwabta kuwa suka ce da safen ranar sun ji ta tana cewa, "Wata rana sai na ƙone ka da kekenka." Haka suke kullum, tsakanin harshe da haƙori, amma 'yan sanda ba su san wannan ba. Suka tsare ta, hannuwanta naɗe da bandeji, wai ita ta watsa masa fetur.

Dattijo yana zaune a bencin baranda likita ya fito.

"Wanda aka watsa wa fetur, yawanci ta kai da kafaɗa yake cin wuta. Ta ƙanenka daga gwiwa ta taso, ta bi ciki da hannun dama. Bayansa ko tabo babu. A durƙushe yake gaban abin da ya kama."

Dattijo ya dafe kai. "Janareta. Ba ya kashe shi in zai ƙara mai, wai kada keken ɗinki ya tsaya."

"Ita ma na duba tafin hannunta. Mai cinna wuta baya yake ja. Ita kuwa rigarsa mai ci da wuta ta damƙa tana yagewa."

Sai dattijo ya ce a nuna masa aikin. Ya saka tabarau, ya bi zaren tun daga wuya, a hankali.

"Likita, da yana da baki da ya ce ka warware. Amma ka yi ƙoƙari."

Da aka sako ta, shi ya je tarbarta.

"Yaya, sau nawa na faɗa masa?"

"Ni tun yana rarrafe nake faɗa masa, bai ji ba."

Ita ta fita da sunanta wankakke, 'yan gulma suka rasa abin taunawa. Dattijo ya yi asarar ƙane da rantsuwa, ya koma gida da ƙanwa.