Wadannin Duniyoyi a Bakin Taga

Ɗan Malam yana cikin cusa littattafai a buhu na biyu sai Kafinta ya turo ƙofa. Kafinta kuwa ba a tambaya: shekara tamanin da ɗoriya, bai taɓa zama a aji ba, ya binne sa'o'insa kaf, kuma har gobe da haƙoransa yake riƙe ƙusa. Shekara talatin katanga ɗaya ce tsakaninsa da Malam, tsohon malamin makaranta, wanda ke kwance yanzu numfashi sama-sama.

"Me nake gani haka?" in ji Kafinta.

"Shara ce, Baba. Likita ya ce ɗakin yana son iska."

"Shi likitan ne ya rataya maka tef ɗin awo a wuya? Tir! Ubanka da ransa kana auna ɗakinsa za ka fasa shago."

A saman gadon ƙwallayen katako suna lilo a jikin zare, manya takwas, ƙanana biyar. Aikin hannun Kafinta ne, ko a birni ba mai sassaƙa irinsu. Da su Malam yake koya wa yara bakwai na layin karatu da rubutu. Manyan su ne duniyoyi, ƙananan kuma wadannin duniyoyi. Aikin ƙarshe da ya ba su shi ne kowa ya rubuta inda suka yi kama da inda suka bambanta. Bai duba ba ciwo ya kayar da shi, ɗan kuma yana zuwa ya kori yaran, wai ƙazanta.

Malam ya motsa leɓe, Kafinta ya sunkuya.

"Littattafan yara. Na yi musu alkawari."

Kafinta ya zazzage buhunan a ƙasa. Ko harafi ɗaya bai sani ba, amma shi ya liƙe bayan littattafan yaran da gam ɗin shagonsa. Ya dinga ɗauka yana shinshinawa har ya ware bakwai cif. A kawo mai digirin da zai iya wannan!

"Ba yaron da zai tsallako ƙofar nan," in ji ɗan.

"Ƙofa ka ce," in ji Kafinta.

Ya zaro guduma daga ƙugu, ya ɓamɓare ragar tagar da shi ya kafa ta da hannunsa, ya leƙa layi ya buga tsawa. Kafin ka ce kwabo yara sun jeru a waje, kowa ya karɓi nasa.

'Yar tela ta fara: "Duniya da wadan duniya duk mulmulallu ne, duk suna zagaye rana. Amma duniya ta share hanyarta, shi kuwa wada cikin tarkacen duwatsu yake tafiya."

"Ashe babbar duniya ka haifa, Malam," in ji Kafinta yana harar ɗan. "Wajen share hanya ba shi da na biyu."

Malam ya yi dariya, ta koma tari. Ya nemi jan biro, yatsunsa suka kasa riƙewa. Kafinta ya dunƙule hannun a cikin nasa. Duk wanda ya gama karantawa Malam sai ya ɗan matsa, su ja maki tare. Ɗan mai faci ya ce wadan duniyar nan Fuluto ya fi farin wata girma, hannun ya ƙi motsi sai da ya gyara.

Ta bakwai autar mai wanki ce, mai in'ina, wadda ba ta taɓa kai ƙarshen shafi ba. Tana layi na uku Kafinta ya ji hannun ya saki. Ya san wannan nauyin, ya ɗauke shi sau ba adadi.

Yarinyar ta tsaya. "Baba, b-barci ya yi?"

"Ci gaba, 'yar nan. Kunne ba ya barci."

Ta ci gaba, tana tuntuɓe tana tashi, har ta dire. Ko daidai ta faɗa ko kuskure, Kafinta bai sani ba. Ya ɗaga hannun Malam ya ja mata maki tun daga gindin shafi har sama.

Daga bayansa ɗan ya yi gyaran murya. "Baba, katakon gadon nan kuwa zai yi kantar shago?"

Kafinta bai ko waiwaya ba. Ta taga yana hango autar mai wanki tana tafiya a hankali a gefen kwata, littafin a buɗe bisa tafukanta biyu.