Ajiyar Mutane a Kwamfutar Malam Habibullah

Ranar sunan 'yar Ramlat, abu ɗaya Aina'u ta tashi da shi a ranta: Babansu, Malam Habibullah, ya ga jikarsa ta farko kafin la'asar. Ramlat yayarta ce, tana aure can Fatakwal, mijinta Abdulkabir kuwa a jirgin ruwa yake aiki. Wayarsa ce kaɗai mai kiran bidiyo a gidan, kuma da an yi la'asar zai tafi da abarsa cikin teku, sai bayan wata uku.

Aina'u ta ce a kira da tata wayar. Malam Habibullah ya ƙi ƙememe, wai shi ba zai fara ganin jikarsa a abu kamar kwalin ashana ba, alhali ga kwamfutarsa mai faɗin allo. Tsohuwar kwamfuta ce, kyautar da aka yi masa lokacin da ya yi ritaya daga aikin malamin gona.

To, Aina'u malamar kwamfuta ce a makarantar 'yan mata da ke Makoda, ba ta ga abin wahala a nan ba. Ta shimfiɗa tabarma a zaure, ta haɗa kwamfutar da intanet ɗin wayarta, ta ce bari ta sauke manhajar kiran. Kwamfuta ta ce babu wuri. Da ta leƙa ciki sai ta riƙe baki. Duk wanda ya taɓa samun wata manhaja a ƙauyen nan, ashe nan ya zo ya jibge ta. Ta ce da Baba ba komai, minti goma ya isa ta cire tarkacen nan.

"Da izinin wa?" in ji Malam Habibullah. "Kayan mutane ne, Aina'u. Ajiya ce."

Shi fa Malam da ajiya aka san shi. Buhun gyaɗa, keke, takardar gona, har akuya an taɓa bar masa, kuma shekara talatin ko allura ba ta ɓata a hannunsa ba. Aina'u ta yi bayani har bakinta ya bushe, ta ce abin da aka cire ana iya mayar da shi gobe. Ya ce madalla, ai sai masu shi su faɗi haka da bakinsu. Ya shiga ya turo babur, ta rungumi kwamfuta ta hau baya.

Suka fara da Basiru tela, mai manhajar zanen aikin wuya. Kafin a zo kan magana sai da aka gaisa, aka tambayi iyali, aka tambayi ruwan bana, aka tattauna yadda tsutsa ta taɓa wake. Aina'u tana tsaye tana duba agogo kamar ta yi ihu. Basiru ma ya manta ya taɓa saka wani abu. Ya yi dariya har da buga keken ɗinki, ya ce ya yafe duniya da lahira. Daga nan suka bi ta tsakiyar gonakin gero zuwa wurin Malam Muhammad Auwal, mai manhajar gwajin jarrabawa, wanda ɗalibansa suka gama tun shekara uku. Shi ma ya yafe, amma sai da suka sha kunu.

Duk da haka wuri bai samu ba. Babban dodon yana nan zaune: wasan ƙwallon Naziru, wanda ya cinye fiye da rabin kwamfutar. Naziru kuwa ɗan acaba ne, ya kai fasinja kasuwar Ɗambatta, wayarsa a kashe. Aka kira azahar, Ramlat tana ta aiko da saƙo tana tambaya ko lafiya.

Da Malam ya fita alwala ya bar ta ita kaɗai a zaure, Aina'u ta kai yatsa kan madannin cire wasan. Ranta ya ɓaci ƙwarai, haushin Baba take ji, haushin Naziru ya fi. Sau ɗaya za ta danna a wuce wurin. Amma ta san Babanta, zai tambaya, ita kuma ba za ta iya yi masa ƙarya ba, kuma zai ga jikarsa da nauyi a zuciya. Ta janye hannu tana ƙunƙuni.

Malam ya dawo daga masallaci fuskarsa a sake. Ya ce a ƙa'idar ajiya, in mai kaya ba ya nan, wanda ke da iko da shi yana iya karɓa, muddin akwai shaidu. Suka nufi gidan Inna Larai, mahaifiyar Naziru, suka same ta tana ɓare gyaɗa. Malam ya soma shimfiɗa bayani cikin ladabi, ita kuwa ba ta bari ya kai ƙarshe ba.

"Abin nan da ya hana shi shiga gona damina biyu? Malam, da hannuna zan cire shi."

Ta yafa mayafi ta yi gaba, maƙwabta suka bi baya don kallo, shaidu dai har sun yi yawa. A zaure Aina'u ta kama yatsan tsohuwa ta ɗora inda ya dace. Kwamfuta ta fito da tambaya, Aina'u ta ce wai tana so ta ji ko Inna ta tabbata. Inna Larai ta ce a gaya mata ko ranar ɗaurin aurenta ba ta tabbata haka ba, ta danna da ƙarfi kamar mai kashe kuɗin cizo. Zaure ya kaure da dariya.

Sai kuma jira. Ƙwallon Naziru ta fita a hankali, sabuwar manhaja ta shiga a hankali, ladan kuma har ya fara hura lasifika. Aina'u ta danna kira. Ya yi ƙara sau biyu, sai ga Abdulkabir da jaka a kafaɗa, ga Ramlat tana murmushi, ta ɗago jaririyar ta matso da ita har fuskarta ta cika allon. Ta ce sunanta Tahira.

Malam Habibullah, wanda ya wuni yana zuba bayani gida-gida, ya ƙura wa allon ido. Ya matsa kusa, ya ƙara matsawa. Can ya kama hannun rigarsa ya goge allon, ya sake gogewa, ya ce kwamfutar nan dishi-dishi take nunawa, a gyara masa.

Aina'u ta dubi allon, tas yake. Ta dubi Babanta.

"Baba," ta ce a hankali, "ba allon za ka goge ba."