Lafiya Lau

Saƙo biyu suka shigo wayar Yagana a jere, tana tsugune a rumfarta ta kasuwar Diffa tana auna wa wata mata dakakken tattasai. Na farko ya zo da ƙara mai tsinka zuciya: wayar mahaifinta Babakura ta ji faɗuwa mai ƙarfi, ga taswirar wurin, can wajen Gagamari. Kafin ta goge jan garin da ke yatsunta, na biyu ya faɗo a kansa. An soke kiran taimako. Mai wayar ya ce lafiyarsa lau.

Da wata ce, da ta yi hamdala ta ci gaba da awo. Yagana kuwa ranta ne ya ɓaci, don ta san wanda ya haife ta.

Ita ta sa masa manhajar nan ta neman taimako da hannunta, ranar da ya kakkaɓe tsohon motonsa, wato babur ɗinsa, ya ce shi zai riƙa zuwa gonar bakin kogin Komadugu da kansa, ba ya son rakiyar kowa. Da Faransanci manhajar take magana, shi kuwa tsohon bai san ko harafi ba, sai ta fassara masa. "Baba, in ka faɗi, wayar za ta yi kuka, tana tambayarka ne ko lafiya. In lafiya lau, ka taɓa kore. In ba lafiya ba, ka ƙyale ta, ita za ta kira ni." Ya gyaɗa kai, ya ce zamani ya zo da waya mai gaisuwa.

Yanzu ta tuna maganar, ta ji kamar ta mari kanta. Wane mahaukaci ne zai tambayi Babakura ko lafiya ya zauna jiran wata amsa? Shekarar da ruwa ya shanye gonarsa kaf, lafiya lau ya ce. Lokacin da suka gudo daga ƙauye da kayan jikinsu kawai, duk wanda ya yi masa jaje, lafiya lau. Haka gidan nasu yake tun asali. Mahaifiyarta ma da "da sauƙi" a bakinta ta rame har ta ƙare, aka kai ta likita ranar da kaiwar ba ta da sauran amfani. Har yau Yagana ba ta huce ba, kuma ta rantse ba za ta binne na biyu a kan ladabi ba.

Ta kira lambarsa. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake, haka. Ta bar wa maƙwabciyarta A'i rumfar, ta nufi tasha, mayafinta yana jan ƙasa.

Ta tarar da yayanta Tahir a kan tsohuwar a-kori-kurarsa, ana miƙa masa buhunan tattasai. Ta ɗaga masa wayar tun daga nesa.

"Yaya, sauko. Baba ya faɗi."

Ya karanta, ya sake karantawa, ya saki numfashi. "To ai ga mesaji na biyu. Shi da kanshi ya ce shina lafiya. Rami ne ya faɗa, kin san hanyar."

"Shi da kanshi! Yaushe ka taɓa jin Baba ya ce ba lafiya ba?"

"Yagana, lodi nike. Ki bari a jima, rezon waya ne babu a can."

"Akwai rezo, tana shiga, ɗauka ne ba ya yi. Haka ka ce mini a kan Inna, a bari a jima. Mun bari. Ina take yanzu?"

Masu dako suka tsaya da buhu a kafaɗa. Fuskar Tahir ta haɗe, don ba a taɓa jefa masa wannan maganar a bainar jama'a ba, kuma ƙanwa ce ta jefa. Ita ko a jikinta. Ta ce in bai tashi motar ba za ta taka da ƙafa, kuma duk wanda ta gamu da shi a hanya sai ta gaya masa ɗan wa ke lodi ubansa yana kwance a daji. Ya diro ƙasa yana huci, ya ce ta shiga.

Suka ɗauki hanya, suka wuce shingen sojoji. Da suka bar kwalta suka shiga rairayi, ita ke riƙe da waya tana cewa dama, hagu, tana kallon ɗigon da ke taswira wanda tun ɗazu bai motsa ba. Mutumin da ke lafiya lau ba ya zama wuri ɗaya cikin wannan rana. Tahir ma ya lura, ya daina ƙunƙuni, ya ƙara wuta.

Moton suka fara gani, kwance a gefen magudanar ban ruwa, tayar gaba ta lanƙwashe. Can gaba kaɗan, a gindin wata bagaruwa, ga Babakura zaune ya jingina. Ya ja jiki har inuwa, ya kakkaɓe rigarsa, ya gyara zaman hularsa tsaf kamar mai jiran baƙi. Ƙafarsa ta hagu kuwa ta juya ta kalli inda ƙafa ba ta kallo. Wayar tana kan cinyarsa.

"A'a, uwata," ya ce, don sunan mahaifiyarsa Yagana ta ci. "Sannunku da zuwa. Kun zo lafiya?"

Abin da ta taho da shi a ƙirji tun daga kasuwa ya fashe.

"Mun zo lafiya? Baba, dubi ƙafarka! Mi ya sa ka taɓa kore? Mi na ce maka?"

"Ta gaishe ni ne, na amsa."

"Ba gaisuwa ba ce! Inji ne, ba surukarka ba ce da za ka ji kunyarta!"

"Rai shina nan, ido shina gani. In ce mi? In kai ƙarar Ubangiji wajen waya?"

"To ni da na yi ta kira fa?"

Ya kawar da kai wajen kogi. "Waya, ina iya ce mata lafiya lau. Ke kuwa za ki ji a muryata."

Wannan ya ƙara tunzura ta. Ashe ya sani. Yana zaune yana kallon sunanta yana haske a cinyarsa, ya gwammace ya bushe a gindin bagaruwa da ya tayar wa 'yarsa hankali. Ta fizge mayafinta, Tahir ya karyo itace biyu, suka ɗaure ƙafar. Tana ɗauri, bakinta bai tsaya ba. Ta ce masa wannan ba haƙuri ba ne, zalunci ne. Ta ce shi da Inna sun iya barin mutum da baƙin ciki cikin ladabi, su tafi da mutuncinsu, su bar na baya da "da na sani". Tahir ya ce ta yi hankali, uba ne fa. Ta ce ta sani, shi ya sa.

Suka kwantar da shi a kan buhuna, ta zauna kusa da kansa. Kowane rami motar ta faɗa, sai ta ga muƙamuƙinsa ya ɗaure, gumi yana tsattsafo masa, leɓɓansa sun yi fari. Tahir ya leƙo ta taga.

"Baba, ƙaƙa jikin?"

"Da sauƙi."

Yagana ta buga rufin motar da tafin hannu har ya yi zafi. "In na sake jin kalmar nan, wallahi sai na diro daga motar nan!" Daga nan ta juya masa baya, hawayen haushi suna zuba, ba ta ko share ba.

A gidan likita aka ɗora shi kan gado mai taya. Wata malamar jinya ta duba ɗaurin, ta ce karaya ce, a kai shi layin masu jiran hoto, ga mutane da yawa a gabansa. Ta tambaya tana shirin wucewa, kamar yadda ake tambayar kowa: "Baba, ban da ƙafar, lafiya dai ko?"

Bakinsa ya buɗe. Yagana ta ga "lafiya" ta taho har kan harshensa. Ta gaji da faɗa. Ta dai tsaya tana kallonsa da jajayen idanu, babu mayafi, garin tattasai a zaninta.

Tsohon ya daɗe yana dubanta. Sai ya ɗaga yatsan nan da ya taɓa kore da shi, ya ɗora a ƙasan haƙarƙarinsa na hagu.

"Ba lafiya ba," ya ce a hankali, kamar mai koyon baƙon yare. "Nan. Kan moton ya buge ni. Ya fi ƙafar."

Malamar ta ɗaga rigarsa, ta danna cikin, ya yi tauri kamar ganga. Fuskarta ta canja. Ta ƙwala wa wani kira, aka fizge gadon daga layi aka yi ɗakin tiyata da shi a guje.

Sai bayan la'asar likitan ya fito ya ce jini ne yake zuba a ciki, sun tsayar da shi, da an bar shi a layin nan da wani zance ake yi yanzu. Tahir ya dafa bango yana salati.

Yagana ta sulale ta zauna a ƙasa. Shekara da shekaru tana neman kalmar nan ta "ba lafiya ba" daga bakin mutanen gidansu, yau ta samu. Wayarta ta yi ƙara. A'i ce daga kasuwa.

"Yagana, lafiya dai?"

"Lafiya l..." Ta cije leɓe. "A'a, A'i. Ba lafiya ba. Ki rufe rumfar ki zo."