Matakin Alfadara

Motar da mahaifin Sakatare ya bari, Allah Ya jiƙansa, ta daɗe a kusurwar tsakar gida har kaji suka mai da ƙarƙashinta akurki. Tsohuwar a-kori-kura ce mai jan ƙafa huɗu, irin wadda ake shiga daji da ita. Marigayin yana kiranta Alfadara, saboda ba ta da kyan gani, ba ta kuma san gajiya ba. Da Sakatare ya ajiye aikin ofishin makaranta, hannunsa ya rasa abin riƙewa, sai wata safiya ya kori kajin, ya ɗaga murfin injin, ya tarar ɓeraye sun yi gida a ciki. Tun daga ranar son motar ya kama shi.

Ya sa aka tura ta zuwa wata rumfa a bayan katangar gida, ya nemi taimakon abokinsa mai walda na bakin titi, wanda kowa ke kira Tartsatsi. Su biyu suka sauke injin, suka kankare tsatsa, suka sake lagireto da kuloci, har Allah Ya nufa Alfadara ta yi tari ta tashi. Da a nan Sakatare ya tsaya ya gode wa Ubangijinsa, da babu abin faɗi. Amma sai ya haɗu da wasu masu irin wannan sha'awa, waɗanda ke fita kowace Asabar su hau duwatsu su ratsa taɓo don nishaɗi kawai, suka ce masa cikin motarsa ya yi kusa da ƙasa. Ya ƙara mata sifirin don jikinta ya ɗaga sama, ya sa manyan tayoyi, ya ɗaura bututun shaƙar iska har saman rufi don kada ruwan rafi ya shaƙe injin. Abu ɗaya ya rage yana reto a ƙasa, wani matakin ƙarfe a ƙofar mai zaman gefe, karkatacce, mai mummunar walda, wanda kowa ya gani ya san ba kamfani ne ya yi shi ba.

Sakatare ya san wanda ya yi shi. Mahaifinsa ne da hannunsa, a shekarar da Inna ke ɗauke da cikin auta ta kasa ɗaga ƙafa. Amma ranar da matakin ya kama dutse ya tsayar da motar cak, abokan Asabar suka yi ta ƙyaƙyata dariya, sai ya dawo gida fuska a murtuke ya ce wa Tartsatsi ya yanke shi. Tartsatsi ya ɗaga gilashin walda ya sake tambayarsa ko ya tabbata. Ya ce ya tabbata. Kafin la'asar mai sayen tsofaffin ƙarafa ya wuce da shi a kura.

Inna kuwa tana ɗakinta na can ƙurya, gwiwoyi sun hana ta fita sai da sanda, carbinta ba ya barin hannunta. Buri ɗaya ya rage mata a duniya, kuma a kan motar nan ya rataya. Tana da ƙane, Kawu, manomi a bayan tsauni, inda hanya ba ta karɓar ƙaramar mota, ga kuma rafi a tsakani. Bayan rasuwar mijinta Kawu ya zo ya roƙi a ba shi aron Alfadara ya riƙa kwaso amfanin gona. Zafin rashi yana kanta a lokacin, ta dube shi a gaban mutane ta ce gara motar ta ruɓe a inda take. Kawu ya sa takalmansa ya tafi, bai sake taka gidan ba. Motar kuwa ta ruɓe.

Da ta ji ɗanta ya kama gyara, ta kira shi ta ce idan Alfadara ta tashi, ita za a fara ɗauka, a kai ta wurin ɗan'uwanta su yafi juna tun ana numfashi. Ya ce ai ana iya ɗauko hayar wata motar, ko a kira shi a waya. Ta ce maganar da ta faɗa ido da ido ba za ta janye ta a waya ba, kuma a cikin motar da ta hana shi take so ta shiga gidansa. Sakatare ya ɗauki alkawari, ya ce in Allah Ya yarda.

Tun daga ranar da aka yanke matakin, alkawarin ya zame masa ƙaya. Ya san Inna ba za ta iya hawa ba, ya kuma san abin da za ta fara nema da ƙafarta. A sake ƙera wani ba wuya ba ne, amma zai sake kama dutse, abokan Asabar su sake dariya. Saboda haka duk safiyar da ya durƙusa gaishe ta, ta tambayi motar, sai ya ce saura kaɗan. Yau birki, gobe giya. Ran Asabar kuma sai ya saki birkin hannu ya gangarar da motar shiru har kwanar masallaci, sannan ya murza makulli. Bayan kowace salla yana neman gafara, alhali ya sani sarai, shi da ya zauna gaban malamai, cewa tuba ba ta tabbata ga wanda ke shirin komawa ga laifin mako mai zuwa. Tartsatsi ma ya taɓa ce masa cikin wasa, tsofaffi biyu Allah Ya ba shi riƙo, amma guda ce ke shan mai. Sakatare ya yi dariyar da ba ta wuce leɓe ba.

Wata Asabar da hantsi, sama ta fara haɗa gizagizai daga gabas, ya zagayo bayan katanga da makulli a hannu, ya tarar da Inna tsaye a bakin rumfa. Ta yi lulluɓinta na fita, sanda a dama, ƙullin tsaraba a hagu. Yadda ta kawo kanta wurin, Allah kaɗai Ya sani. Ya durƙusa ya gaishe ta, ya tambayi abin da ya fito da ita.

"Hadari ya fara haɗuwa," in ji ta. "Idan rafi ya cika sai bayan damina, ni kuwa ba wanda ya yi mini alkawarin ganin bayan damina."

"Ai motar, Inna, saura..."

"Ta tashi. Na san tarin Alfadara tun kafin in san kukanka. Kana gangarar da ita har kwanar masallaci, can take yin tarin. Gwiwa ce ta mutu, Babana, ba kunne ba."

Sakatare ya rasa inda zai sa idonsa. Ita kuwa ta ɗaga kai tana duban motar daga taya har bututu, ta ce ta bar alfadara ta tarar da raƙuma. Ta matsa ta jingine sanda, ta kama gefen ƙofa, ta ɗaga ƙafar dama kamar yadda ta saba tun tana da ƙarfinta. Ƙafar ta yi ta lalube a iska. Ta mayar da ita ƙasa a hankali, ta tambayi matakin.

Ya faɗa mata gaskiya, da dutsen da dariyar da mai kurar, bai rage komai ba. Ya so ta yi faɗa, da ya fi masa sauƙi. Ba ta yi ba. Ta ce kawai Allah Ya jiƙan mai shi, ya ƙone babban yatsansa wurin yin matakin nan, har ya koma ga Allah farcen bai sake fitowa daidai ba.

Ana cikin haka Tartsatsi ya iso da shirin fita dutse. Da ya ga yadda ake ciki ya gaishe da Inna, ya ce a ba shi ɗan lokaci kaɗan ya haɗa wani matakin yanzu. Ta ce a'a, ɗan nan, ta ƙoshi da jin kalmar kaɗan. Sakatare ya nemi izini, ta sunkuyar da kai, Tartsatsi ya juya fuskarsa ga katanga don kunya. Sakatare ya sa hannu ya ɗauki mahaifiyarsa. Ya tara ƙarfi kamar mai shirin ɗaga taya, sai ya ji ta taso kamar damin kara. Kowace tayar motar nan ya san nauyinta a kafaɗarsa, amma bai san lokacin da Inna ta ƙare haka ba.

Suka kama hanya su biyu. Motar ta yi abin da aka gina ta don shi, ta hau tsauni ba ta ko nishi, amma taurin sabon sifirin ya sa kowane rami yana jijjiga tsohuwar har haƙora, ta riƙe gaban mota da hannu biyu tana salati. Ya rage gudu har mai keke zai iya wuce su. Da suka iso rafin ya tarar ruwan bai kai rabin taya ba. Ya dubi bututun da ya miƙe har sama, ya san cewa tun ranar da Alfadara ta yi tarin farko, da tsofaffin tayoyinta da matakinta, za ta iya haye wannan ruwa.

'Yar Kawu ce ta fito da gudu da ta ji ƙarar injin. Ta rungume Inna bayan an sauko da ita, ta yi kuka, sannan ta ba su labari. Tun da mahaifinta ya ji ana gyaran motar, kullum sai ya sa a kai masa kujera gindin bishiyar ƙofar gida, ya fuskanci hanya, yana cewa Yaya za ta zo a cikinta, ya san halinta. A makonnin baya ne ya faɗi wurin alwala, ɓarin jiki ya shanye, harshe ya tafi. Ta ce ta kira wayar Sakatare ran wata Asabar ba ta shiga ba, daga baya kuma ta ji tsoron tayar wa Inna hankali. Sakatare ya san inda yake a ranar, ya san dutsen da ya tare kiran.

Kawu yana kwance a kan katifa kusa da taga, idanunsa a buɗe suna duban rufi. Inna ta ƙi kujera, ta sa aka zaunar da ita a ƙasa, ta kama hannunsa mai rai, wanda ke rawa ba tsayawa. Ta daɗe tana shafa shi kafin ta yi magana.

"Ƙanena, ga Alfadara can a ƙofarka. Na ce gara ta ruɓe, ta kuwa ruɓe, ban ƙaru da komai ba. Ni ce babba, ni ya kamata in riƙe bakina. Ka yafe mini don Allah."

Tantabaru suna kuka a waje. Leɓen Kawu bai motsa ba. Hannun yana ta rawarsa a cikin nata. Ta jira, ta maimaita, ta sake jira. Sannan ta waiwayo ga ɗanta, wanda ke durƙushe a bakin ƙofa.

"Babana, idona ba ya gani sosai. Kamar ya matse mini hannu. Ka gani?"

Kalma ɗaya ce za ta kwantar mata da rai, kuma harshensa ya saba da irinta. Ya yi watanni yana yi mata ƙarya don jin daɗin kansa, yanzu ga wadda za ta zama don jin daɗinta. Ya buɗe baki, sai ya ji ba zai iya ɗora shaida a kan abin da ke tsakanin bayin Allah biyu da Ubangijinsu ba, bayan shi ne ya cinye kwanakin da Kawu ke da harshe.

"Hannun yana rawa tun da muka shigo, Inna. Ban iya rarrabewa ba. Allah ne Masani."

Ta dube shi har ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Sannan ta gyaɗa kai, ta ce haka ne, Allah ne Masani. Ta juya ga ƙanenta ta ci gaba da yi masa addu'a a kunne har aka kira azahar.

A hanyar dawowa suka sake haye rafin. Ta dubi ruwan ta taga, ta dubi sama, ta ce ran Asabar mai zuwa zai sake kawo ta, da wadda ke bayanta, har ranar da ɗan'uwanta zai amsa ko rafi ya hana. Ta ƙara da cewa ba ta son a sake ɗaukarta kamar jaririya a gaban surukai da maƙwabta. Ya ce to, Inna. Bai ƙara da in Allah Ya yarda a fili ba, don ya ji kunyar yadda ya yi ta fakewa da kalmar, amma ya faɗe ta a zuci da tsoro.

Da ya mai da ita ɗaki, ya roƙe ta ta ɗaga ƙafa iyakar iyawarta, ya auna da tafin hannu. Bai kai taƙi guda ba. Ya tuƙa motar zuwa rumfar Tartsatsi, ya tsuguna a ƙofar mai zaman gefe inda tabon tsohuwar walda yake har yanzu a ƙarƙashin sabon fenti, ya nuna masa. Tartsatsi ya auna tsayin motar, ya ce a yadda suka ɗaga ta sai dai a yi hawa-hawa kamar tsani, na ƙasan kuma zai kusa shafar ƙasa, ko tudun tururuwa sai ya kama, balle dutse.

"Bar shi ya kama," in ji Sakatare.

Tartsatsi ya sauke gilashinsa ya kunna wuta. Sakatare ya riƙe masa ƙarfen, ya kau da kai daga hasken, idonsa yana kan gabas, inda gizagizan suka ƙara duhu.