Ɗaurin Ashoken Zulaiha

Ƙanwata Zulaiha tana da digiri, amma ranar da aka raba hankali ina jin tana gaban madubi.

Ranar Asabar ake bikin ƙanwar Mujahid, saurayinta, kuma a nan ne uwarsa, Hajiya Azumi, za ta fara ganinta. Mujahid ya ja mata kunne sau uku: Hajiya ba ta son yarinya mai girman kai, in gaisuwa ta yi kyau, magabatansa za su zo gidanmu a watan gobe. Abin da Zulaiha ta fahimta shi ne a nemo ashoke.

Akwai wata mai ɗauri a Shango da duk matan Minna ke rububinta. Asabar ɗinta ta cika, don haka ta ɗaura wa Zulaiha tun Juma'a da la'asar. Ɗauri ne hawa bakwai, ya fi faifai faɗi. Da kyar ya shiga keke.

"Yanzu yaya za ki kwanta?" na tambaye ta.

"Yaya, ai ba kwanciya zan yi ba."

A kujera ta kwana, ta tara matasan kai uku a gefe guda ta jingina kunci, ta kuma saita fanka a ƙeya don kada gumi ya ɓata sitati. Gari ya waye ɗauri lafiya lau, wuya kuwa ya sanƙare. Ko hagu ko dama, ballantana ƙasa.

Na kira maƙwabciyarmu Christiana, nas ce. Ta taɓa goshinta, ta ce tunda ba zazzaɓi ba ciwon kai, ba sanƙarau ba ne, mu gode Allah.

"Zulai, kai ne ka jawo," in ji ta da gurguwar Hausarta. "Wuya yana son filo ɗaya, mara tudu, ya miƙe daidai da baya. Ba fanka a kansa. Cire wannan abu, mu gasa da tawul mai ɗumi, ka riƙa juyawa small small."

"Anti, in an cire wa zai mayar?"

Haushi ya kama ni, na ce a bar ta ta tafi da kayanta.

A wurin biki muka sami Hajiya Azumi zaune a gaba, ita ma da nata ɗaurin, tana kallon gabanta ƙyam. Zulaiha ta durƙusa a gefenta. Gwiwa dai ta kai ƙasa, amma kai yana sama, haɓa a ɗage, kamar wadda ta zo duba ko an share wurin.

"Hajiya, ina wuni?"

"Lafiya," in ji Hajiya, ko waiwaye babu. Ta dai karkato ƙwayar ido, ta ga haɓa, ta mayar.

Da muka tashi, wata gwaggon Mujahid ta kira Zulaiha daga hagu har sau biyu. Ta amsa tana kallon gaba, ta wuce. Na ji matar ta ce, "Ikon Allah."

Zulaiha ta yi kuka a keke, wai tsohuwa ta wulaƙanta ta. Ni ma da farko na ji zafin abin. Sai na tuna warin man zafi da ya buge ni lokacin da na sunkuya gaida Hajiya, da kuma hawa bakwai ɗin da ke kanta. Hannun matar Shango ne, ko a mafarki zan gane shi.

Na faɗa wa Mujahid. Ya je ya gwada yi wa uwarsa bayani, ta ce ita wuyanta lafiyarsa ƙalau, tunda take ba ta taɓa kwana a kujera ba, kuma yarinyar da ba ta iya sunkuyar da kai ba, ba za ta shigo mata gida ba.

Kwana uku wuyan Zulaiha ya saki, da filo ɗaya da tawul mai ɗumi. Yanzu tana juya shi sarai, musamman in ta ji sallama a ƙofar gida. Wata ya wuce, magabata ba su zo ba. Ɗaurin yana nan a kan wadrob, ko hawa ɗaya bai lanƙwashe ba.