Ƙafar da ta Haye Layi

Yaya ya dungurar da takalman a kan teburin ƙaninsa, har gwangwanin ƙusoshi ya yi tsalle.

"Auta, fatar da nake kawo maka, nawa kake ragewa?"

Auta, wanda ya shekara ashirin yana ɗinka masa takalmi, bai ɗago kai ba. Rashin ɗagowar nan ya ƙara hura wa Yaya wutar zargi. Da ma kwanan nan babu wanda ya tsira a wurinsa. Hula ta matse, ya ce mai wanki ne ya dafa ta. Zobe ya ƙi fita sai da aka yanke, ya ce maƙeri ya cuce shi. Sau biyu a wata ɗaya motar hayarsa na gogar gefe, ya rantse masu babur ne ke ɓullowa daga ƙasa kamar aljanu. Yanzu kuma ga ɗan'uwansa ciki ɗaya.

"Takalmi na uku ke nan yana cin ƙafata. Ko wani kake ɗinka wa da ragowar?"

Auta ya jawo wani tsohon kwali daga ƙarƙashin benci, da zanen sawu a kansa. "Naka ne, Yaya. Taka mu gani."

Ya taka. Yatsun suka haye layi, dunduniya ta leƙo ta baya.

"Ka sauya kwalin!"

"Ga rubutun hannunka nan a jiki."

Da ƙyar Auta ya ja shi asibiti. Bayan gwajin jini da hoton kai, likita ta ajiye tsohon lasisinsa na tuƙi, tana duban hoton da ke jikin lasisin, tana duban haɓarsa da ta ƙara tsawo. Yaya kuwa bakinta yake kallo, ko sun haɗa baki ne da Auta.

"A ƙarƙashin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan abu, bai fi ƙwayar wake ba, shi ke sakin sinadarin girma cikin jini. Naka ya yi tsiro, yana ta zubawa ba birki. Ya kuma danne jijiyar ido, shi ya sa ba ka ganin gefe. Tuƙi dai a ajiye, sai an yi aiki mu ga abin da zai dawo. Yaushe ƙafar ta fara girma?"

Da sitiyarin nan Yaya yake ciyar da baki bakwai. "Bana," ya ce.

"Shekara huɗu ne, likita," in ji Auta, murya ƙasa-ƙasa. "Duk ɗinki nakan ƙara masa girma a ɓoye. Na san halinsa, in na faɗa, faɗa zai yi. Bana ne ƙarin ya kasa."

Likita ta ajiye biro.

Ashe dai zargin bai tashi a banza ba, an taɓa masa takalmi. Auta na zaune dab da kafaɗarsa yana share ido da bayan hannu, amma sai da Yaya ya juya kansa gaba ɗaya kafin ya gan shi.